Kyaftin na Gidan Ruwa da Gashin Tsofaffi

Tun gari bai gama wayewa ba ake jin kekensa a layinmu. Keken nan ya tsufa har ba ya bukatar ƙararrawa, sarƙarsa ce ke yi masa sallama. Zai wuce da tsohuwar rigar sanyi, makullai na kaɗawa a ƙugu, fulas ɗin shayi rataye a ƙahon keke, ya nufi gidan ruwa da ke bayan kasuwa. Can zai buɗe ɗakin inji, ya taɓa cikin injin da bayan hannu kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗa, ya ɗiga masa mai, sannan ya bi ƙarafunan nan yana murɗawa, yana sakin ruwa layi bayan layi. Kafin mata su gama ɗaura zani famfo ya fara tari, sai ga ruwa. Shekara talatin da ɗoriya ana haka. Mun sha, mun yi girki, mun wanke jarirai, mun wanke gawa, ba wadda ta taɓa tambayar wa ya tashi ya sako mana shi. In ruwa ya zo, ai dama zai zo. In bai zo ba, laifin Kyaftin ne.

Wannan watan ya miƙa makullai, ya yi ritaya. Wurin aikinsu sun ba shi agogon bango, aka sha lemon kwalba, aka watse. To mu da muka sha ruwan, hakan bai ishe mu ba.

A tambayi ungozomar ƙaramin asibiti ranar da babban bututu ya fashe a bayan ɗakin haihuwa. Ta ce tun safe yana cikin taɓo har ƙirji, bai fito ba sai da ruwa ya dawo, ya fito kamar an tono shi, ya ce a ba shi bokiti ɗaya ya wanke ƙafa don kada ya ɓata musu daɓe. A tambayi mai shayin bakin ƙofar gidan ruwa ranar da masu tankar ruwa suka zo lallashinsa ya riƙa rufe layinmu don cinikinsu ya yi kyau. Ya ce Kyaftin ya saurare su tsaf, ya sa aka haɗa musu shayi, suka sha, ya raka su har bakin titi, washegari kuma layinmu ya fara buɗewa. Famfon gwauruwa in ya lalace zai gyara, kafin ta shiga ɗaki ta ɗauko masa abin godiya ya hau keke.

Kai ne ka shayar da unguwa ba ka taɓa cewa a gan ka ba. Kai ne mai shan zagi ranar da wuta ta ɗauke, alhali ba kai ke riƙe da wutar ba. Sarkin ruwa mara fada, sannu da aiki.

Sai dai jinjinar nan ba za ta cika ba in ba a faɗi abin da ya kusa raba shi da matarsa ba. Kowa ya ji labarin, amma kowa gutsure ya ji.

Sunan Kyaftin ba a gidan ruwa ya samo shi ba. A bayan gidansa akwai wani ɗan ɗaki da aka yi don ajiyar tarkace, shi kuwa ya mayar da shi tashar jiragen yaƙi. In ya dawo aiki da la'asar, ya ci abinci, can zai shige. Yana da tsofaffin mujallu masu hotunan jiragen ruwan yaƙi, sai ya zaɓi ɗaya, jirgin da ya fi layinmu tsawo, ya rage shi ya koma tsawon hannu. Kuma komai na jikinsa sai ya ragu daidai, ba a yarda ƙofa ta fi mai shiga girma ba. Gangar jiki da katako, bene da gwangwanin madara, igwa da bututun biro, ƙananan bindigogi da allura, anga, ƙugiyar tsayar da jirgi, da kan ƙusa. Ya shafe shi da fenti ruwan toka. Abin haushi, in ya gama ya yi fes, sai ya ɗauko ɗan buroshi ya zana masa tsatsa a gindin anga da baƙin hayaƙi a bakin bututu, wai jirgin da ya yi aiki ba ya zama sabo. Jirgi ɗaya yakan ci masa shekara.

Matarsa, wadda duk layi ke kira Inna, tela ce, kuma bakinta ya fi kekenta gudu. Ba ta shiga ɗakin nan. Ta ce warin gam na sa mata ciwon kai, kuma ba za ta tsaya kallon mai jikoki yana wasan yara ba.

"Wasu mazan suna gina gida," takan ce, "nawa yana gina jirgi, ko kwatami bai taɓa ƙetarewa ba."

Shi dai murmushi. Haka suka zauna lafiya shekara da shekaru, ita tana faɗa, shi yana goge katako.

Bara ne wata mai sayar da atamfa, yarinya mara ta ido, ta gan su tare a kasuwa ta ce wa Inna, "Kaka, ƙanenki ne wannan?" Inna ba ta sayi atamfar ba. Ta sayi rinin gashi. Tun daga ranar kanta ya koma baƙi wuluk, ta kuma sanar da duk mai kunne cewa a danginsu ba a furfura.

Ba a daɗe ba aka fara ganin keken Kyaftin jingine a ƙofar shagon makitsiyar layinmu. Ya shiga hannu sake, ya fito da wani abu ƙunshe a takarda, ya tura a aljihun gaba, ya waiga hagu da dama. Waigen nan ne ya ɓata komai. Mutumin da kansa ya fi tafin hannu santsi, me ya kai shi gun makitsiya? Magana ta zaga, ta zaga, ta shigo wa Inna tare da wata mai kawo ɗinki. Inna ta cire ƙafa daga keke, ta yafa mayafi.

"Ke, me mijina ke nema a shagonki?"

"Inna, sannu da zuwa. Zauna mana."

"Ban zo zama ba."

"Famfona ya gyara mini."

"Famfon naki kullum a lalace yake? To me ke cikin takardar da yake fita da ita?"

Makitsiya ta dubi mata biyun da ke zaune, ɗaya an kai mata rabin kai, ɗaya tana tsifa. Ta rage murya, amma shagon bai fi tabarma biyu ba.

"Gashi ne."

"Na wa?"

"Na tsofaffi. Wanda ya zuba a mataji. Ya ce fari yake so, dogo, wanda bai karye ba. Na 'yan mata ko kallo ba ya yi."

"Kuma kika ba shi."

"Inna, Baba Kyaftin ne fa. Mutumin da ko kaza ba ya kora."

"Shi ne abin tsoron," in ji Inna.

Mai rabin kai ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitsonta ta fice. Mai tsifa ta durƙusa ta tsince gashinta ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a bakin zani, ta bi bayanta. Kafin rana ta faɗi duk tsohuwar da ke layin ta tuna ciwonta. Mai ciwon gwiwa ta ce tun watan da ta yi kitso ne. Mai mantuwa ta ce dama ta san ba haka kawai ba ne. Har wadda haƙoranta suka zube tun makitsiya tana goye ta ce yanzu ta gane. Shagon makitsiya ya koma ba kowa sai ƙuda.

Inna ta zuba wa Kyaftin ido. Kuma da ido ya fara nema, sai ya yi ta samu. Me ya sa injin gidan ruwa ba ya tashi a hannun kowa sai nasa? An canza shugabanni nawa, an kori ma'aikata nawa, shi ko gargaɗi ba a taɓa yi masa ba, da wane dalili? Shirun nan nasa da take ɗauka haƙuri ne, anya ba ɓoyo ba ne? Ta kai har kan aurensu. Tana budurwa akwai mai kanti da ke nemanta, akwai mai babur, ta tsallake su duka ta zaɓi mai keke. Da hankalinta kuwa ta yi haka? Ya miƙo mata kofin shayi, ta ce ta ƙoshi. Ya tambaye ta ko kanta ke ciwo, ta ja ɗankwali har gira.

Washegari yana fita aiki ta tura ƙofar ɗakin bayan. Jirage na jere a kan katakai, ruwan toka, bakunan igwa duk sun dubi ƙofa. Wannan ba sabo ba ne. Abin da ya tsayar da ita igiya ce da aka ja daga taga zuwa ƙusa. A jikin igiyar ga silin gashi fari-fari suna reto, kowane an ƙulla masa ɗan noti a ƙasa. Iska ta shigo, notunan suka yi ta kaɗawa a hankali. A kan tebur ga gwangwani cike da furfura, ga reza, ga kyandir da aka ƙona rabi.

Ta ja ƙofar ta rufe. Ta dafa masa abinci ta rufe a kwano, don fushi daban yunwa daban. Ta zuba kaya a jaka, ta ɗauki matajinta ta cusa a can ƙasa, ta tafi gidan yayanta.

Yayan Inna tsohon direban babbar mota ne, kunnensa ɗaya ya tafi tare da motar, don haka magana yake kamar yana kiran wani a tsallaken titi. Da la'asar Kyaftin ya zo biko, ya zauna a bakin tabarma, hula a gwiwa.

"An ce kana tara gashin matan mutane," in ji Yaya.

"Haka ne, Yaya."

"Na me?"

"Na aiki ne."

"Aiki," in ji Inna daga bayan labule. "Ka ji ko? Da bakinsa."

"Sai dai a zo a gani," in ji Kyaftin. "Ba ya faɗuwa."

Inna ta ce ita da gidan nan sai dai in ta je kwashe kekenta. In yana da bayani ya yi a gaban yayanta, in babu ya sallame ta, ba za ta ƙarasa tsufanta, in ma ta fara, a gefen mai ƙulle-ƙulle ba. Kyaftin ya ɗaga kai ya dubi labulen. Matar Yaya da ke leƙe ta taga ta ce ba ta taɓa ganin fuskar namiji ta faɗa haka ba.

Da safe suka zo su biyu. Yaya ya shiga ɗakin yana addu'a da ƙarfi, Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Kyaftin ya sauko da sabon jirginsa, ya ajiye a hasken taga, ya miƙa wa Yaya gilashin nan na masu gyaran agogo.

"Duba tsakanin sandunan nan biyu."

"Ban ga komai ba."

"Sa gilashin."

Yaya ya manna a ido, ya sunkuya. Ya daɗe.

"Wayoyi ne," ya ce. "Kamar na turakun lantarki. Da me ka ja su?"

Kyaftin ya nuna igiyar. Ya ce kowane jirgin yaƙi yana da wayoyi daga sanda zuwa sanda, na sadarwa da na tuta. In ka rage jirgi ya koma tsawon hannu, zaren ɗinki sai ya zama kamar igiyar guga. Wayar tagulla tana ƙyalli, tana lanƙwashewa. Gashi ne kaɗai ya yi daidai. Baƙi yana fitowa kamar zanen biro, amma fari, a kan fenti ruwan toka, sak wayar ƙarfe. Yakan jiƙa shi, ya rataya masa noti har ya miƙe, ya ɗauka da hantsaki, ya ɗiga gam da bakin allura. In gashin ya saki, sai ya kunna tsinken ashana a kyandir, ya kashe, ya kawo kusa da shi, zafin ya ja shi ya ɗame.

"Kyandir ɗin ke nan," in ji Yaya. Ya juyo. "Ke, zo ki gani."

Inna ta shigo, ta karɓi gilashin da yatsa biyu. Ta duba. Ta ajiye. Ba ta huce ba, don Inna ba ta hucewa a tashi ɗaya.

"To na ji. Jiragen nan ka fi shekara ashirin kana yin su. Makitsiya kuwa bana ka fara zuwa gunta. Waɗancan na kan katako, gashin wace tsohuwa ce?"

Kyaftin ya dubi Yaya.

"Yaya, ko mu ɗan fita waje?"

"A nan za ka faɗa," in ji Inna.

Ya shafa kansa da ba komai a kai.

"Gwangwanin da kike tara na mataji, a saman kwaba, kafin ki ƙona. Nakan zaɓa."

"Nawa? Ni ina na ga furfura?"

Yaya ya bushe da dariya har da tari. "Ke da na goya? Ai tun kafin a yaye autarki na ga farko a ƙeyarki."

"Yaya, ba da kai nake ba."

"Sau ɗaya na taɓa ce miki ga fari a kanki," in ji Kyaftin a hankali. "Kin tuna abin da ya biyo baya. Gishiri bai daidaita a miya ba har aka ga sabon wata. Da kika fara rini sai gwangwani ya koma baƙi. Ban iya cewa ki daina ba, ban iya cewa me ya sa ba."

Inna ta sake ɗaukar gilashin, ta bi katakon daga farko. Jirgin farko da zare aka ja masa, kauri kamar igiyar shanya. Na biyu yana da sili biyu ko uku, sauran zare. Na gaba sun ƙaru. Tana matsawa wayoyin suna yawa, suna laushi, har ta zo kan wani babba da aka yi shekarar da ta yi jinyar mahaifiyarta, shi kam kamar saƙar gizo. Ta daɗe a kansa. Yaya ya buɗe baki, ya ga fuskarta, ya rufe.

"Na waje ba ya riƙe gam," in ji Kyaftin. "Karyewa yake. Naki ne ba ya karyewa."

"Rufe mini baki," in ji Inna, amma ba da ƙarfi ba. Ta miƙe, ta nuna sabon jirgin. "Wannan, duk na matan layi ne a kansa?"

"Duka."

"Ka ja wa yarinyar mutane, shagonta ya mutu. Ka sa tsofaffi sun kasa barci. Ka sa ni na kwana gidan Yaya ina jin minsharinsa ta bango. In kana so in dawo, ka cire musu abinsu, a gabansu."

Jirgin nan wata da watanni ya yi yana ja masa wayoyi, sili ɗaya kan ci masa yammaci guda. Kyaftin ya dube shi, ya dubi Inna. Bai ce a bari ya yi tunani ba. Ya ɗauke shi da hannu biyu, ya sa gwangwanin a aljihu, ya fita a ƙafa.

Wannan kam duk layi shaida ne. A ƙofar shagon makitsiya ya ajiye shi a kan benci. Aka kira tsofaffi, gilashi ya zaga hannu zuwa hannu, kowacce ta duba, har mai ciwon gwiwa ta ce ta gane nata, wai ya fi na kowa tsawo. Sannan ya karɓi almakashin makitsiya ya bi wayoyin yana datsewa, ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗa da na gwangwani ya miƙa, aka ƙona a kasko. Ya cire hula ya ce, "Iyayena, na ɗauki abinku ban tambaya ba. Ku yafe mini. Ita yarinyar nan ba ta da laifi." Mai mantuwa ta ce ta yafe, ta kuma tambayi me aka yi.

Ranar Inna ta dawo gida, jakarta a bayan kekensa, ita tana tafe a gaba kamar ba tare suke ba. Makitsiya ta samu mutanenta, sai dai yanzu kowacce da 'yar ledarta take zuwa. Akwai kuma waɗanda har gobe in sun hango shi sai sun gyara ɗaurin ɗankwali. Ba a raba mutane da zarginsu rana ɗaya.

Jirgin yana nan a kan katako, sanduna tsirara. Ya ce ba ya sauri. Inna kuwa ta daina rini, ta ce ƙaiƙayi yake sa mata, kuma duk wadda ta ce wani dalili ne daban ta zo ta faɗa a gabanta. Fari ya fara leƙowa ta gaban goshi. Mai kawo ɗinki ta rantse ta ga Kyaftin yana satar kallonsa yana ƙiyasta tsawo da yatsa, Inna ta buge masa hannu ta ce bai nuna ba tukuna.

Kyaftin, kai ne ka ba mu ruwa ba ka gaji ba. Kai ne aka yi wa mummunan zato ba ka rama da ko kalma ɗaya ba. Kai ne ka datse aikin hannunka da hannunka don matarka ta dawo ɗakinta, maƙwabta su yi barci. Mun gode, mun kuma gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka idonka da hannunka, ya bar maka Inna da bakinta.

Ku kuma 'yan baya da aka miƙa wa makullai, ku tashi da wuri kamar yadda ya tashi, ku riƙe amanar abin da ba mai ganinku a kai. Maza, ku koyi haƙurinsa, ku samu abin da hannunku zai yi in kun dawo gida maimakon zaman bakin titi. Abu ɗaya ne kada ku koya gunsa. In kuna son wani abu a kan matanku, ku buɗe baki ku tambaya.